Sautun Zuma

Matata ce ta fara kawo maganar, tun tana budurwa, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Muna zaune a kan benci a ƙofar gidansu a unguwar Treichville bayan la'asar, ƙannenta mata uku suna ta kai-komo a gabanmu, wai aikensu aka yi, alhali kowa ya san gadinmu aka sa su. Ta jira sai da suka ɗan yi nisa, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Monsieur, ina za mu je lune de miel?"

Monsieur take kirana tun ranar farko, tunda ba za ta kama sunana ba. A kunnen wanda ya tashi a ƙasar Kano, kalmar nan mushe take fita, na roƙe ta har na gaji a kan ta sauya min wata, ta ƙi. Ita a nan Abidjan aka haife ta. 'Yar malami ce mai ba magidanta karatu a zaurensa, amma Faransanci ne ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa ɗingishi take yi. Ni kuma da wayona na zo, wurin Kawu, wan mahaifiyata, wanda yake shigo da shinkafa da atamfa, yake da sito a bakin tashar jiragen ruwa. Faransancin da na iya na bakin tasha ne, na lamba da kwantena da sa hannu a takarda. Na dai san lune wata ne, miel kuma zuma. Sai na haɗa su na ce, "Watan zuma? Wanne ne a cikin watanni, kafin azumi yake ko bayansa?"

Ta yi dariya har sai da ta toshe baki da mayafi. Da ta lafa ta yi min bayani, wai ango da amarya ne suke tafiya wani wuri bayan biki, su yi 'yan kwanaki inda ba wanda ya san su. "Mu biyu kawai," in ji ta. "Ba tanti, ba tonton, ba wata gwaggo ba wani kawu, ba mai buga ƙofa ya ce a ara masa bokiti."

Na ɗauka irin sha'awar 'yan boko ce da take gani a talabijin, har na buɗe baki zan tsokane ta, sai na ga fuskarta ba ta wasa ba ce. Ta ce tun da aka haife ta ɗaki ɗaya take kwana da 'yan'uwanta, a gidan haya da iyali tara suke bin layi a kan famfo ɗaya, kuma ba ta taɓa yin wuni guda cur ba a ƙwala mata kira ba. Ta san ɗakin da zan kai ta a unguwar Adjamé, a gidan Kawu, inda in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu ta bango. Ba ta ƙi ba, ta yarda ta zauna a can iyakar rayuwarta. Kwana biyar kawai take roƙo kafin a fara zaman, kuma a ƙetare iyaka, don a cikin ƙasar nan da wuya ka sami garin da babu ɗalibin babanta. Na yi mata alkawari a nan take, da bakina, ba wanda ya matsa min. Ina sonta ƙwarai, kuma wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona.

Ranar Asabar na saka rigata mai kyau na je wani ofishin masu sayar da tikitin jirgi kusa da unguwar 220 Logements, wanda nake wucewa kullum ina kallon hotunan Paris da Casablanca a jikin gilashi. Matar da ke wurin ta karɓe ni da fara'a, ta danna na'urarta, ta juyo min da farashin. Na duba, na sake dubawa ko idona ne ya ƙara sifili, sannan na roƙi ruwan sha. Na fito da takardar talla mai hoton raƙumi a bakin teku, iyakar rabona da jirgin sama ke nan. Ni ba matsiyaci ba ne, albashina yana riƙe ni, kuma na ɗan yi tanadi saboda biki, amma aljihuna na mota ne.

Ban ɓoye mata ba. Ta ce ita ba jirgi ta roƙa ba, shiru take so. Na sayi taswira a hannun masu talla, muka shimfiɗa ta a kan bencin nan, ƙannen suna leƙe, muka tsara komai. Bas ɗin safe daga tashar Treichville, a bi ta Bassam da Aboisso, a tsallaka iyaka a Noé, a sami ƙaramin otel a Ghana wanda tagarsa take kallon teku. Ba ruwanmu da biza, fasfo ne kawai da katin rigakafi. Za ta yi mana dambun nama da cincin na guzuri don kada sayen abinci a hanya ya cinye mu. A kan takarda komai ya zauna daram, muka rabu ranar muna ta murna.

Sai a cikin mota, ina tsallaka gada zuwa Adjamé, na tuna da Kawu. Ya shekara talatin da ɗoriya a Abidjan, kuma abin da yake taƙama da shi ba dukiya ba ce, mutane ne. Daga Dakar har Duwala ba garin da za ka ambata bai ce yana da mutum a can ba, ya faɗa maka unguwarsa da sana'arsa da gidan da ya yi aure. Haka tsarinmu yake tun zamanin fataken goro. Bahaushe ba ya sauka a otel a garin da ke da zango, wurin mai masauki yake sauka, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo tuwo, a yi ta zuwa gaishe shi. In ka kuskura ka kama ɗaki a ɓoye, labari zai riga ka dawowa gida, a ce ɗan gidan wane ya shigo gari ya raina mutane. In da mace ka zo, cikin gida za a shige da ita, ba za ka sake sa ta a ido ba sai ranar komawa. Sannan ga sautu. Duk wanda zai yi tafiya a cikinmu, unguwa ce take tafiya tare da shi. Wannan ya ba ka saƙo ka kai, wancan ya ba ka sautun abin da za ka sayo masa, kuma ba a cewa a'a.

Dole in nemi izininsa, don shi ne ubana a nan, shi ne kuma maigidana a sito. To amma da wane baki zan dubi wan mahaifiyata in ce masa ina so in keɓe da amarya kwana biyar? Ko sunanta ba na iya faɗa a gabansa. Na same shi yana duba buhuna, na durƙusa na ce, "Kawu, bayan biki ina so in ɗan yi tafiya, ni da iyali."

"Ina?"

"Accra."

"Madalla! Ai Nima, zangon Accra, gida ne. Akwai wani Alhaji mai sayar da fata a can, mota ɗaya ce ta fito da mu daga gida. Yau ɗin nan zan buga masa waya a share maka ɗaki. Ita kuma mutanen gidansa za su riƙe ta kamar 'yarsu."

Washegari na dawo na ce na sake shawara, Lome ta fi. Ya ce, "Lome? Ka ce dai wurin ƙanin marigayiya za ku." Marigayiya matarsa ce, wadda ta rasu shekara biyu kafin nan, wadda na ci tuwon hannunta tun ranar da na sauka a gidan. Na gwada Kumasi, ya yi dariya ya ce can ko rufe min ido aka yi aka jefa ni, a ƙofar gidan mutuminsa zan faɗi. Na gwada Kwatano, na gwada Wagadugu. Sati guda ina yawo da shi a kan taswira, kowane gari yana riga ni sauka.

Ranar da ya gaji, bayan mun idar da azahar a bakin sito, ya ce, "Kai, zo nan. Wai me za ka je yi ne? Ka kwana da wani gari, ka tashi da wani."

Kafin in yi tunani bakina ya kufce na ce, "Watan zuma ne, Kawu."

"Watan me?"

"Zuma."

Ya kalle ni, sai na ga fuskarsa ta washe. "Ashe zuma ma tana da watanta, kamar goro! Wato lokacin da ake ɗibarta take araha. Shi ya sa kake ta auna garuruwa."

A nan ya kamata in gyara maganar. Ban gyara ba, na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shekara nawa yana jira ya ga na buɗe ido na nemo harkata da kaina. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Sannan ya ce, "Yaya masu Faransancin nan suke kiran harkar? Saboda takardu." Na ce lune de miel, ina ganin ai Faransancin Kawu bai kai ko nawa ba, ba inda kalmar za ta kai shi. Ya maimaita sau biyu, "Lundimiyal, lundimiyal," yadda yake haddace sunan jirgin da zai kawo masa kaya. Ya yanke cewa Accra za mu, tunda can ne babbar kasuwa.

Kafin magariba duk gidan ya ji. Kafin Juma'a duk layinmu ya ji. Aka fara kawo saƙonni, wasiƙu da turamen atamfa da kan keken ɗinki da za a kai wa wata a Nima. Sannan aka fara ajiye min jarkoki da kwalabe a ƙofar ɗaki, kowa da sautunsa na zuma, mai tari da mai gyambon ciki da mai jego. Na ga mutanen da ban taɓa ji sun ambaci zuma ba sun wayi gari ba sa iya rayuwa sai da ita. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta shekara uku tana jiran mai raka ta wurin 'yarta a Accra. Ta zo da kanta ta yi min addu'a, ta ce tunda da amarya za a je ai ta sami abokiyar hira, amma ita kusa da taga take zama saboda amai.

Na yi ta ɓoye wa budurwata har ranar da na je zance ta tare ni da tambaya. "Monsieur, c'est quoi cette affaire de zuma? Wace magana ce wannan nake ji? Baba ya ce in gaya maka shi ma jarka ɗaya yake so, na magani."

Na kwashe komai na faɗa mata, har da tsohuwa da kujerar taga. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa, ko wanne ta yi zan ɗauka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shiga gida ta ɗauko taswirar, ta ninke ta a hankali a kan layukanta, ta miƙo min. "Ba komai," ta ce. "Mu je Accra ɗin, mu kai tsohuwa, mu sayo zuma. Na saba." Kalmar nan ta na saba ta yi ta yi min yawo a kunne har na isa Adjamé. Na ji haushin kaina ƙwarai, don ba kuɗi ne ya karya alkawarin ba, kunyata ce da ragwancina.

Saura sati guda biki, Kawu ya aike ni da takardu ofishin mutumin da yake fitar mana da kaya daga kwastan, wanda muke kira tiransite. Dattijo ne ɗan ƙasa, sun daɗe tare da Kawu. Ina shiga na ga ma'aikatansa sun haɗa ido, wata ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa. Dattijon ya ja ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya ce da safiyar nan Kawu ya zo da babbar rigarsa, ya tsaya a tsakiyar ofis, ga baƙi ga ma'aikata, ya ɗaga murya ya tambaya nawa ne kuɗin kwastan na lune de miel, a kan kilo ake biya ko a kan jarka, kuma ko sai an nemi takardar likita kafin a shigo da shi. Ya ce ɗansa ne zai fara harkar, shi da amaryarsa. Ofis ya kaure da dariya. Dattijon ya ce shi ma sai da ya ciji leɓe, sannan ya ja Kawu gefe ya fassara masa.

Na ce, "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya gyara hularsa, ya yi godiya, ya fita." Ya dube ni da tausayi ya ƙara da kalmar da suke yi wa wanda abu ya sama, "Yako, mon petit."

Na fito na tsaya a bakin titi, manyan motoci suna wucewa da kwantenoni, na rasa inda zan sa kaina. Mutumin da ya shekara talatin yana gina mutuncinsa a bakin tashar nan, ba a taɓa jin an yi masa dariya ba, yau ni na sa aka yi, a gaban yaran da ya girme wa iyayensu. Tafiya kam na san ta mutu. Abin da nake tsoro yanzu shi ne kada in rasa Kawu ma.

Kwana uku bai ce min uffan ba ban da amsa gaisuwa. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu. Kuma ya ɗauki wata sabuwar al'ada, da an yi azahar sai ya bar sito ya fice shi kaɗai, ba ya dawowa sai gab da magariba, takalminsa duk laka. Ba wanda ya san inda yake zuwa. Ni dai na sha jinin jikina, na ce wurin manya yake zuwa kai ƙarata, ko kuma yana neman wanda zai maye gurbina a sito. Abinci ma ya daina wuce min. Mutane suna ta tsokanata wai zumuɗin angonci ne ya ramar da ni.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, ya kira ni ɗakinsa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya laluba aljihu ya ciro wani guntun kwali da aka yaga daga katan, ya miƙo min. Sunan wani ƙauye ne da rubutun wani, da sunan mahaɗar da za a sauka, 'yar tafiya kaɗan bayan an tsallaka iyaka.

"Na tambayi direbobi a gar, tashar mota," in ji shi. "Na bi Fantawa masunta har bakin ruwa inda suke sauke kifi. Kwana uku ina nema. Duk garin da suka faɗa sai in tarar ina da mutum, ko mutumin mutumina." Ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe kamar mai faɗin wani abin kunya. "A nan ban san kowa ba. Babu zango, babu mahauci, ko mai shayi namu babu. Wata mata ce take da ɗakunan baƙi a bakin teku, an ce da tsabta, kuma ba tsada."

Na riƙe kwalin da hannu biyu.

"Kifi za ku ci, ba ruwanku da yankansu. In za ku yi salla, ka sa teku a hannun damanka, ka ɗan karkata hagu."

"Kawu, ka yi haƙuri, ni..."

"Ban gama ba." Ya juya yana kallon bango, inda har lokacin tasbahar marigayiya take rataye a jikin ƙusa. "Da na ɗauko ta daga gida, a bayan babbar mota muka zo, mu goma sha wani abu, a kan buhunan albasa. Duk garin da muka tsaya ina da mutum, a shige da ita cikin gida. Muka iso nan, gida cike. Shekara talatin, na duba na duba, ban tuna ranar da muka ci abinci ni da ita kaɗai ba. Ban san ana neman irin wannan ba. Ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Ko ta so, ban sani ba."

Ban taɓa jin ya yi maganarta haka ba, kuma bai sake ba har ya bar duniya. Idona ya cika, na sunkuyar da kai don kada ya gani.

Sai ya koma Kawun da na sani. Ya ce saƙonnin Accra ya riga ya haɗa su da wani direba, tsohuwa kuma za ta bi wani Alhaji da iyalinsa sati mai zuwa, an yi mata alkawarin taga. Masu jarkoki ya ce musu kowa ya zo ya kwashi abinsa, bana samfur kawai zan je in gani. "To kada ka mayar da ni maƙaryaci. Kwalba ɗaya za ka kawo min, sautuna ke nan." Na ce to. Na yunƙura zan tashi ya ce, "Kuma kai, gobe in za ka yi min ƙarya, ka yi ta da Hausa yadda zan gane."

Ban san lokacin da na isa Treichville ba. Na same ta ana yi mata kitso a tsakar gida, mata cike, ba halin magana. Na aika ƙanwarta ta kai mata taswirar da guntun kwalin a ciki. Daga inda nake tsaye a zaure na ji ta ce wa mai kitso ta dakata, can kuma na ji ta ƙyalƙyale da dariya, matan suna ta tambayarta lafiya.

Bayan an gama hidimar biki muka tafi, da jaka ɗaya da ledar guzuri. Kawu da kansa ya raka mu tasha da sassafe, ya tsaya a bakin ƙofar bas da sandarsa, duk wanda ya doso da ƙunshi a hannu sai ya ce masa kaya sun cika. Da bas ya tashi na yi wata ajiyar zuciya da har na kujerar gaba ya waiwayo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba har yau, don na san halinmu, ina faɗa wani zai je ya kafa teburin shayi.

Ɗaki ne ƙarami mai fanka da gado da taga ɗaya. Matar gidan ba ta jin Hausa ba ta jin Faransanci, mu kuma ba ma jin nata, da hannu muke ciniki, kuma hakan ya yi mana daidai. Washegari bayan mun yi asuba muka koma barci har hantsi ya ɗaga. Na farka na gan ta zaune a bakin gado ta kasa kunne.

"Ka ji?" ta ce.

"Me?"

"Rien, ba komai. Ba wanda yake kirana."

Ta faɗa tana dariya, hawaye kuma yana zubo mata. Ni ma a ranar na fara jin nauyin da na yi wata biyu ina ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya. Ba mu yi wani abin a zo a gani ba a kwanakin nan. Mun ci kifi har ya gundure mu, mun taya masunta jan igiyar koma suna yi mana dariya, ta gyara min Faransanci, na gyara mata Hausa, kowa ya ƙi yarda da gyaran ɗan'uwansa. A rana ta huɗu ta ce wai ta fara kewar hayaniyar famfo, na ce ta rufa min asiri kada Kawu ya ji.

Mun dawo lafiya, mun sauka a Treichville, mun shiga woro-woro, motar haya da ake cika ta a tafi. Muna tsakiyar gada ta damƙi hannuna ta ce, "Monsieur, le miel!" Kwana biyar, abu ɗaya tak aka ce mu kawo, kuma ko inuwarsa ba ta gifta mana a rai ba. Muka sauka a kasuwar Adjamé da jakarmu, muka kutsa har wurin wata mata mai sayar da zuma a bayan 'yan tumatir, muka sayi kwalba ɗaya, an rufe bakinta da leda an ɗaure da baƙar roba. Matata ta goge ƙurar jikinta da gefen mayafi, ta ce in saka ta can ƙasan jaka don ta yi kama da wadda ta sha hanya.

Mun tarar da Kawu a ƙofar gida da abokansa bayan la'asar. Amarya ta gaishe su ta shige, ni na durƙusa na miƙa kwalbar. Ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya kwance, ya lakata da ɗan yatsa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. "Ga samfur ya iso," in ji shi. Aka zagaya da ita, kowa ya lasa, aka haɗu a kan cewa zumar Ghana daban ce, wani ma ya ce yana jin ƙamshin teku a cikinta.

Da aka kira magariba suka watse zuwa alwala, ya rage ni da shi. Ya ɗauki baƙar robar daga kan tabarma yana jujjuya ta a yatsa.

"Matar nan ta bayan 'yan tumatir," ya ce, "har yanzu da baƙar roba take ɗaure kwalabenta. Na san mijinta."

Na kasa ɗaga kai.

"Kun manta ko?"

"Mun manta, Kawu."

"Kwana biyar, ko sau ɗaya ba ku tuna ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya mayar da robar ya ɗaure bakin kwalbar da kyau, ya jawo butarsa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Tafiya ta yi kyau."